Akwatin Yallaɓai

Talata, 7 ga Satumba, bayan Azahar

Yau na karya wa Yallaɓai hannu. Gara in rubuta da kaina tun kafin taubashina Bulus ya ji ya ƙara gishiri.

Yallaɓai mutum-mutumi ne da ɗiyata Mahfuza ta haɗa, ita da malamarsu ta kimiyya, Malama Deborah. Wata biyar suna fama. Girmansa kamar ɗan akuya, taya huɗu, hannu ɗaya mai tona rami ya jefa iri ya rufe. Ni na raɗa masa sunan, don tun da aka rufe makaranta ya dawo gidana bai taɓa gaishe ni ba, kuma shi ake fara yi wa caji kafin wayata.

Malama ta aiko a kai mata shi ta duba. Mahfuza ta ce, "Baba, bari in ɗauka a hannu." Na ce ni Gagare, shekara ashirin da shida ina kafinta a Batsari, yau za a koya mani ɗaukar kaya? Na sa shi a kwalin taliya, na ɗaure a bayan babur. Ramin nan na gaban kwata da kowa ke kauce wa, ni na je na gaishe shi. Da muka buɗe kwalin, Yallaɓai na gefe guda, hannunsa na gefe guda yana hutawa.

Mahfuza ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mani sauƙi.

Laraba, 8 ga Satumba, da hantsi

Malama ta ce hannun zai gyaru cikin mako biyu. Sannan ta miƙo mani takardar gasar. Na riƙe ta kamar mai karantawa, ita kuma ta tausaya wa ajina huɗu na firamare ta fassara mani.

A Abuja za a yi. Sai an kai Yallaɓai ofishin masu gasar a Katsina kafin Juma'a 24 ga wata, cikin akwatin da bai wuce ƙafa biyu da rabi ta kowane gefe ba. Daga can su loda a babbar mota da na sauran makarantu. Wanda ya isa a karye ya fita, ba gyara. 'Yan ukun farko kuma za a ba su gurbi a makarantar kwana ta kimiyya a birni, kyauta.

A birni. Wannan kalmar na ji da kyau, ba sai an fassara ba.

Na ce ni zan yi akwatin. Malama ta dube ni ta saman tabarau. "Baban Mahfuza, ko dai mu nemi wani?"

"Malama, duk garin nan ba wanda ya kai ni sanin inda yake karyewa. Jiya na gama kwas."

Alhamis, 9 ga Satumba, bayan La'asar

Ba kasuwa yau, an hana saboda ɓarayin daji. Sabis ma ya ɗauke tun safe, kowa na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ina da ragowar falanki biyu a shago. Sun isa. In ba su isa ba ma zan sa su isa.

Asabar, 11 ga Satumba, da safe

Ƙanena Barau ya tafi Ruma duba geronmu. Na ce ya bari. Ya ce gero ba ya jiran labari, kafin Azahar ya dawo. Na ce to ya taho mani da ɗanyar gyaɗa.

Lahadi, 12 ga Satumba, da yamma

An kawo babur ɗin Barau, shi ba a gan shi ba.

Litinin, 13 ga Satumba, bayan Azahar

Tun asuba nake shago. Na auna Yallaɓai sama da ƙasa, na yanka falanki daidai jikinsa, na yanko soso daga katifata na manna ciki. Ya zauna ɗas, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Tela ma iyakar abin da zai yi ke nan.

Mutane na ta zuwa shagon suna zama suna tashi. Na ce da su aiki nake.

Mahfuza ta kawo mani abinci ta tsaya tana kallo. Na ce, "Wai ke me ya sa ba ki yi mai dafa tuwo ba, sai mai shuka?" Ta ce, "Don ya riƙa zuwa gona, mutane su zauna gida." Na ce ta miƙo mani guduma. Gudumar na hannuna.

Talata, 14 ga Satumba, da hantsi

Na yi gwaji. Ba zan sake sa Yallaɓai a babur ba sai na tabbata, don haka na sa ƙwai shida a madadinsa, na ɗaure, na bi hanyar kwata da gangan, na faɗa ramin nan sau biyu.

Rashin sa'a, Bulus na shagon da na dawo. Ɗan Gwaggo Marka ne, taubashina, direban bas ɗin Katsina. Tun muna yara ba abin da yake jira a duniya kamar ranar kunyata.

Na buɗe. Ya leƙa. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Injiniya, ka manta albasa."

"Ƙwan ne ba su da ƙwari. Kajin bana duk a tsorace suke."

"To Allah ya jiƙansu. Mutum shida rana guda."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya mayar da hularsa ya ce zai je ya duba mai.

Falanki ɗaya ya tsage garin cire ƙusa. Uwar Mahfuza ta ce ƙwai na gaba da zan gani sai dai a mafarki.

Laraba, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Gwaggo Marka ta iso daga Tsaskiya, a ƙafa har Safana, daga can wani ya ɗauko ta. Ƙunshin zane ɗaya da tulu ɗaya. Shekara hamsin tana ginin tukwane, abin da ta fito da shi ke nan. Ba ta faɗi abin da ya taso ta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta tambayi Barau. Na ce ya je Ruma.

Saude matarsa ta ajiye masa tuwo yau ma.

Alhamis, 16 ga Satumba, da hantsi

Gwaggo ta ga akwatin a tsakar gida ta ƙwanƙwasa shi da sanda. "Wannan na mene ne, Gagare?"

Na yi mata bayani irin na masu ilmi. Na ce an matse kaya ne don kada su motsa.

"Wa ya ce maka kada su motsa?"

"Gwaggo, ai haka ake yi."

"Haka wa ke yi? Ni na kai tukunya talatin kasuwar Safana a kan jaki, shekara da shekaru, ka taɓa jin na dawo da tsingaro? In ka matse tukunya jikin itace, duk dukan da itacen ya sha ita ma ta sha. Gammo ake sa mata a ƙasa. A sa ta cikin raga. Ta yi lilo abinta, kada dai ta taɓa 'yar'uwarta, kada ta taɓa gefe. Ubanka ma haka ya yi da kai, ya matse ka a makaranta, ga abin da aka samu."

Mahfuza ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun ranar kwalin taliya. Na bar Gwaggo ta ci wannan.

Ga tsarin yanzu. Akwati babba, iyakar abin da takarda ta yarda. A ciki faranti na katako, Yallaɓai a ɗaure a kansa. Farantin ya zauna kan gammon tsumma guda huɗu. Daga kusurwoyi takwas, robar cikin tayar babur ta ja shi ta kowane gefe, ya kasance yatsa huɗu tsakaninsa da bango. Hannun a cire shi a naɗe daban. Leda biyu saboda ruwan sama.

Tsari ya yi kyau ƙwarai. Katako ne kawai babu.

Juma'a, 17 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Na zaga wajen duk mai sayar da katako. Mota ba ta shigo da kaya ba tun da aka rufe kasuwa. Na duba ƙofofin gidana: duk na kwano ne. Kafinta ke nan.

Ƙofar katako ɗaya ce a gidan nan, ta ɗakin Saude. Ni na yi ta da hannuna lokacin aurensu, shekara goma sha ɗaya, Barau na tsaye a kaina yana cewa in ƙara tsawo don shi ba gajere ba ne irina.

Ban tambaya ba. Ita ta aiko Mahfuza ta kira ni. Na tsaya daga bakin zaure, tana daga ciki, ta durƙusa ta gaishe ni.

"Yaya, na ji ana neman katako. A cire wannan."

"A'a, Saude."

"Ai ba na rufe ta ma yanzu. A buɗe nake barin ta. Amma aro ne, Yaya. In an gama a dawo da ita yadda take."

Ƙofa ƙafa shida da inci biyu. Akwati ƙafa biyu da rabi. Ko ɗan aji huɗu ya san lissafin nan. Saude ba ta san aikin katako ba, ta ɗauka kwance ta za a yi a ɗaura.

Na ce, "Ko ƙwarzane ba za ta yi ba."

Bakina ya riga ni, kamar kullum.

Asabar, 18 ga Satumba, bayan Azahar

Na kai ta shago, inda Saude ba ta zuwa. Na daɗe ina wasa zarto, zarton da ba ya buƙatar wasawa. Sannan na yanka. Gida uku.

Katako ne mai kyau, wallahi. Na iya aiki a da.

Mahfuza ta shigo ta ga guntayen. Ta dube su, ta dube ni. Na ce, "In ya dawo zan haɗa ta, ba wanda zai gane." Ta ce, "In wa ya dawo, Baba?" Na ce akwatin.

Mako guda yau.

Lahadi, 19 ga Satumba, da yamma

Ko da wani yana son ya kira mu ya faɗi wani abu, ta ina zai kira?

Litinin, 20 ga Satumba, bayan La'asar

Akwati ya tashi. Na shafe shi da ragowar koren fentin da na yi wa tagogin masallacin unguwa, na tanadi ƙusa arba'in na bugun murfi. Na aika a kira Bulus ya zo ya ga aiki ya ji haushi.

Ya zo. Bai yi dariya ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

"Gagare, wannan ba zai shiga motata ba."

"Hassada."

"Dube shi da kyau. Koren akwati, mai hannu biyu na igiya, an bubbuge shi da ƙusa. Me ya yi maka kama?"

Na duba. Na sake dubawa. Akwatin harsashi ne sak.

"Shinge bakwai ne tsakaninmu da Katsina," in ji shi. "Kowanne sai an buɗe kaya. In ba su ga mabuɗa ba, da bakin bindiga za su ɓalle murfin, kuma ba laifinsu. Wannan ke nan in masu kaki ne suka fara ganinsa. In waɗancan na daji ne suka hango shi a saman mota..."

"Ya isa."

"Sai su ce Allah ya kawo."

"Na ce ya isa, ɗan Marka."

Na kankare fentin da kwalba har yatsuna suka yi jini. Na mayar da ƙusoshin gwangwaninsu. Hinji biyu na ƙofar da sakatarta suna nan, na ɗaura wa murfin. Yanzu yaro ma zai buɗe da yatsa ɗaya ya rufe. Mahfuza ta zana Yallaɓai a kowane gefe da farin fenti, ta rubuta da Hausa da Turanci: KAYAN 'YAN MAKARANTA, A BUƊE A HANKALI.

Bulus ya ce zanen ya fi kama da ni. Ya dawo daidai ke nan.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Ba ƙwai. Gwaggo ta ɗauko tulunta ta dire a gabana.

Na ce, "Gwaggo, shi kaɗai gare ki."

"Shi ya sa. In da ƙwai ne, ganganci za ka yi."

Na ɗaure shi a farantin, na ja robobin, na rufe sakata. Na bi hanyar kwata. Ramin nan na gan shi, shi ma ya gan ni. Na ce bismillah na faɗa. Na juyo na sake faɗawa. Na uku ma don kada a ce.

A tsakar gida Gwaggo ta buɗe da kanta, ta ɗaga tulun, ta ƙwanƙwasa shi da zobe kusa da kunnenta. Ya yi ƙara garau.

Ta ce, "To. Jaki ya iya."

Ban tambayi wanda take nufi ba. Yabo ne, na karɓa.

Laraba, 22 ga Satumba, da yamma

Hannun Yallaɓai ya warke. Ya shuka wake layi biyu a tsakar gida, Saude ta leƙo ta bayan tabarmar da ta rataya a ƙofarta tana kallo. Na rufe akwatin da buhu kafin ta fito.

An ji wani abu kamar harbi wajen yamma da gari, da rana tsaka. Ba a daɗe ba.

Alhamis, 23 ga Satumba, Katsina, bayan Azahar

Mun iso. A kujera na sa shi, ba a saman mota ba, na zauna kusa da shi kamar ɗan rakiyar amarya. Shinge bakwai, buɗewa bakwai. A na huɗu wani mai kaki ya tura farantin da yatsa, ya ga yana lilo yana dawowa, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce wani injiniya ne a Batsari. Bulus ya ce, "Da uwata."

A ofishin an auna: ƙafa biyu da rabi cif. Na ga akwatunan makarantun birni, masu ƙafafun taya, masu kwaɗo. Namu kaɗai ke da sakatar ɗaki. Na sa hannu a takarda, na yi sa hannun mai lanƙwasa.

Wayata ta kama sabis tun daga bakin gari. Na zauna a tasha na ɗora ta a gwiwa, awa uku, har Bulus ya cika mota. Saƙo biyu suka shigo, duk na kamfani, wai in sayi waƙa.

Lahadi, 26 ga Satumba, da safe

Mahfuza da Malama sun tafi Abuja. Na ce mata in Yallaɓai ya ci, ta gaya musu ubansa kafinta ne. Ta shiga ta yi sallama da Saude, ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta dube ni ba sai da mota ta tashi.

Talata, 28 ga Satumba, bayan La'asar

Na share shago. Na sake sharewa.

Alhamis, 30 ga Satumba, da yamma

Saude ta ajiye tuwo.

Asabar, 2 ga Oktoba, bayan Azahar

Bulus ya taho da takarda daga Katsina. Malama ta kira shi yana can, ya sa wani ya rubuta don ya ce in da baki ya faɗa ba zan yarda ba. Gaskiyarsa.

Babbar motar ta faɗa rami bayan Zariya. Akwati goma sha tara, huɗu an buɗe an tarar da ɓarna. Yallaɓai ko noti bai kwance ba. Ya tona, ya jefa, ya rufe, a gaban alƙalai. Na uku.

Na uku! Na sa Bulus ya karanta sau uku, ni ma na karanta da kaina, a hankali, ba wanda ya taya ni. Watan gobe Mahfuza za ta fara. Makarantar na da katanga da maigadi, kuma ba daji kusa. Uwarta ta yi guɗa, ta tuna, ta rufe baki.

Gwaggo ta ce a rubuta musu su aiko mata da nata gurbin.

Akwai layi na ƙarshe, Bulus ya karanta mani shi a waje. Masu gasar sun riƙe Yallaɓai don nuna wa baƙi, shi da akwatinsa. Wai akwatin ya burge su. Ba zai dawo ba.

Na yi shekara ashirin da shida ina jira wani ya ce aikina ya burge shi.

Lahadi, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Saude ta fito ta yi mani barka. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya sa ƙannenta su bi sahu. Na ce amin. Ta yi kamar za ta tashi.

"Yaya, tunda an gama, ƙofar fa?"

Na buɗe baki. Kullum akwai abin da ke fitowa. Yau babu.

"Ba don ni ba," in ji ta. "In ya shigo ya ga tabarma a rataye, zai zaci sayarwa na yi."

Na ce, "Gobe zan zo mu yi magana."

Ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan nan. Ta ce to.

Gobe bayan karin kumallo zan tsaya a bakin ɗakinta in gaya mata cewa na yanka ta gida uku tun ranar da na ɗauka, kuma na san zan yanka lokacin da nake mata alkawari. Ba zan sa wasa a ciki ba, in Allah ya yarda, ko da yake ban taɓa gwadawa ba. Sannan in auna gurbin, in jira ranar da motar katako za ta shigo garin nan. Zan yi wadda ta fi waccan. Ƙafa shida da inci biyu, ba ragi.

Ban san wanda zai riga isowa ba, katakon ko mai ɗakin. Allah ya sa shi ne. Ya zo ya tarar da tabarma, ya tsaya a tsakar gida ya zage ni son ransa a gaban kowa, har da Bulus.